Injin daddatsa rassa: a saya ko a yi haya?

   

Hirarmu ta yau a kan sana'a take, kuma akwai lissafi a cikinta. Saboda haka kowa ya jawo littafinsa da alƙalami kusa.

Abin da ya kawo wannan hira

A cikin ɗalibaina akwai wani magidanci, mai mata ɗaya da ƴaƴa biyu. Gwanin hawan icce ne. Tun yana yaro yake hawa gawo yana kakkaɓo wa awaki ƴaƴansa. Yanzu a cikin gari yake zaune. In dogon yaro ya yi rassa har sun danne rufin ɗaki, shi ake kira. In iskar farkon damina ta karya reshe ya tare hanya, shi ake kira.

Ran nan da aka tashi daga karatu, sai ya tsaya. Ya ce: "Malam, ina neman shawara." Ya fiddo wayarsa, ya nuna mini hoto mai motsi. Wasu Turawa ne suna tura rassa cikin bakin wani inji. Injin yana haɗiye su, yana feso su ƙanana ƙanana cikin bayan mota. Kafin ka ƙifta ido, tulin rassa ya ɓace.

Ya ce: "Malam, sana'ar nan nake so in kafa sosai. Wani dillali ya ce zai sa a kawo mini irin wannan inji daga Turai, wanda aka ɗan yi aiki da shi."

Na ce: "Da me za ka saya?"

Ya ce: "Zan sayar da gonar da na gada, da bijimaina biyu."

Na ce: "Ƙanena, ba ni mako ɗaya. Kada ka sayar da komi sai mun zauna da alli da allo."

Abin da muka tattauna ni da shi, shi ne na kawo muku yau. Don na san ba shi kaɗai ke da irin wannan tunani ba.

Inda injin ya fito

Mu fara da ƙasar da aka ɗauki hoton, wato Ingila. A can gyaran itatuwa sana'a ce mai zaman kanta. Sunan da suke kiran mai yin ta, in an juya shi da Hausa, shi ne likitan fiɗar icce. Yana hawa da igiya da ɗamara. Yana rage rassa, yana cire waɗanda suka mutu, yana kada iccen da ya zama haɗari. Sai ya yi horo ya sami takardar shaida kafin manyan ma'aikatu su ba shi aiki.

Injin kansa ya daɗe a duniya. Wani mutum mai suna Peter Jensen ya kafa masana'anta a arewacin Jamus a shekarar 1884. Kamfaninsa yana cikin waɗanda suka fi daɗewa suna ƙera wannan inji. A Ingila akwai masu ƙera shi irin su Timberwolf da GreenMech. A Amurka akwai Vermeer da Bandit.

To, me ya sa mai gyaran icce a Ingila ba ya rabuwa da wannan inji? Ku saurara da kyau, don a nan maganar take.

A can yawancin gidaje da gas ko da lantarki suke girki. Manyan gumagumai suna da masu saye, don ana hura wuta da su lokacin sanyi. Amma ƙananan rassa da ganye ba mai so. Shara ne. Mai gida yana so in an gama aiki a bar masa fili a share tas. Mai sana'a kuwa, in ya kai rassan wurin zubar da shara, sai ya biya kuɗi. Kafin ma ya ɗauki sharar a motarsa, sai ya yi rajista da hukuma. Ga kuɗin mai, ga ladan ma'aikata mai tsada.

Rassa suna cin wuri, don rabin lodin iska ce. In an daddatsa su, tulin da za a yi sawu da yawa ana kwasa sai ya shiga mota ɗaya. Ashe aikin injin a can shi ne rage wahalar shara. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Duk da haka, ko a Ingila, sabon mai sana'a yana tsayawa ya yi wannan tambaya: in saya, ko in yi haya? Da yawa daga cikinsu da haya suke farawa.

Yadda injin yake aiki

Injin yana da baki mai faɗi kamar mazurari. A nan ake sa reshe. A cikin bakin akwai ƙarafa masu haƙora suna juyawa. Su ke cafke reshe su ja shi ciki. Bayansu akwai faifan ƙarfe mai nauyi, a wani injin kuma ganga ce. An ɗaura wuƙaƙe a jiki. Faifan yana juyawa da gudun gaske. Wuƙa tana wucewa dab da wani dakalin ƙarfe, tana datse reshe. Guntayen sai su fita ta bututu. Suna kama da sassaƙen da ke zuba a gaban masassaƙin turmi. Saboda haka a hirar nan sassaƙe za mu kira su.

Ana sanin girman inji da kaurin reshen da yake iya ci. Wanda masu sana'a suka fi farawa da shi a Ingila yana cin reshe mai kaurin santimita 15. Wato bai kai taƙi ɗaya ba. Ana ƙera da yawansu don kada nauyinsu ya wuce kilo 750. Dalili shi ne, a dokar can, abin da mota ke ja in bai wuce kilo 750 ba, ba dole ne ya zama da birki nasa ba. Kilo 750 nauyin buhun gero 7 da rabi ke nan, in buhu kilo 100 ne. Kun ga ba abin ɗauka a ka ba ne. Sai da motar da za ta ja shi.

Akwai ƙanana masu araha, waɗanda ba su da ƙarafan ja. Su ba sa cin reshen da ya wuce kaurin damtse. Na gyaran lambun gida ne.

Wani injin isansi yake sha, wani gazuwal. Amma ran injin a wuƙaƙensa yake. In sun dakushe, sai ya riƙa shan mai da yawa, yana tauna reshe maimakon yanka. Abin da ke dakushe wuƙa shi ne rairayi, da tsakuwa, da ƙusa, da waya. Ku duba itatuwan garuruwanmu. Ƙurar hunturu tana kwance a ɓawonsu. Masu tebur sun buga musu ƙusoshi, an ɗaɗɗaura musu waya. Ga itatuwanmu na daji masu tauri, irin su bagaruwa da aduwa da ƙirya. Busasshen icce kuma ya fi ɗanye cin wuƙa. Ke nan a wurinmu wuƙa za ta fi saurin neman washi. Matatar iska ma za ta fi saurin toshewa da ƙura.

Hanyoyi huɗu

Mai son aiki da wannan inji yana da hanyoyi huɗu.

Ta farko: hayar inji. A Ingila akwai shagunan haya, na kwana ko na mako. Kana ajiye kuɗin jingina. In ka lalata wuƙa, ka biya. In an sace a hannunka, kai ke da alhaki. Amfaninta, ranar da ba aiki ba ka biyan komi. Aibinta, ranar da kake so wataƙila wani ya riga ka ɗauka.

Ta biyu: ka kira mai inji ya zo da abinsa, ka biya shi kuɗin yini. Wannan mun san ta. Haka muke yi da mai tarakta da mai injin sussuka. Shi ya san injinsa, shi ke gyara.

Ta uku: sayen wanda aka yi aiki da shi. Ya fi sabo araha, amma ba ka san wahalar da ya sha ba.

Ta huɗu: sayen sabo, da kuɗi hannu ko da bashi. Mai bashi ba ruwansa da ko ka sami aiki. Wata ya ƙare, sai biya.

A garuruwanmu wannan inji bai yawaita ba. Wannan yana nufin abu biyu. Samun na haya yana da wuya. Samun makanikin da ya san shi, da kayan gyaransa, shi ma yana da wuya. In ƙarfe ɗaya ya karye, inji yana iya kwana wata da watanni ana jiran saƙo daga waje.

Mu yi lissafi

Yanzu kowa ya buɗe littafinsa. Lambobin da zan faɗa na allo ne, don koyon hanya. Ba farashin kasuwa ba ne. Ranar da za ku yi naku lissafi, ku je ku tambayo farashin gaskiya ku sa a gurbinsu.

A ce inji, da kuɗin jirgi, da kuɗin duwan, ya tashi jika 3.000. Wato miliyan 3 na sefa. Ku rubuta 3.000.

A ce zai yi shekara 5 yana aiki kafin ya gaji. Mu raba 3.000 gida 5. Ya ba mu 600. Ke nan kowace shekara inji yana cin jika 600 daga cikin kuɗin sayensa.

A ce wuƙaƙe, da washi, da baƙin mai, da makaniki, da mai gadi suna cin jika 300 a shekara. Mu tara 600 da 300. Ya zama 900.

Wannan jika 900 tana fita daga aljihunka kowace shekara. Ba mu sa kuɗin man da yake sha ba, don ko naka ne ko na haya, sai ka zuba masa mai.

Yanzu a ce haya jika 30 ce a yini. Mu raba 900 da 30. Ya ba mu 30.

Me wannan 30 take nufi? Tana nufin kwanakin aiki. In kana bukatar inji ƙasa da kwana 30 a shekara, haya ta fi maka sauƙi. In kana bukatarsa fiye da kwana 30, saye ya fara zama da riba. In kuma da bashi ka saya, sai ka ƙara kuɗin ruwan bashin a kan 900. Kwanakin sai su ƙaru.

Ga hanyar a taƙaice. Kuɗin da inji ke ci a shekara, a raba shi da kuɗin hayar yini ɗaya. Abin da ya fito, shi ne kwanakin da za ka auna kanka da su. Wannan lissafi bai tsaya ga injin rassa ba. Yana yi wa injin ban ruwa, da injin niƙa, da keken ɗinki.

A wurinmu reshe dukiya ne

Mu koma kan maganar da na ce ku riƙe. A Ingila ana sayen inji don ƙananan rassa shara ne. A nan fa?

Ku ɗauki dogon yaro ɗaya, wanda wasu ke kira bedi, da aka yi wa aski. A kasa abin da ya sauko kashi huɗu.

Kashi na ɗaya: miƙaƙƙun sanduna. Ana kafa rumfa da su, ana yin danni, ana ɗora rufi. Suna da masu saye.

Kashi na biyu: itacen girki. Kowa ya san tsadarsa a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa. Mai tuwo-tuwo da mai ƙosai suna jira.

Kashi na uku: ƙirare. Kafin ka sauko daga kan icce, mata da yara sun zo roƙo.

Kashi na huɗu: ganye da ƴan tsirarun rassa. In gawo ne, ganyen ma abincin dabbobi ne, kuma a tsakiyar rani yake da shi, lokacin da ciyawa ta ƙare.

To, me ya rage wa inji? Ɗan abin da ke cikin kashi na huɗu. Wanda ya tura sanda ko itacen girki cikin inji, ya zuba mai don ya niƙe kuɗinsa.

Mutanen Majiya, wajen Buza a jihar Tawa, shaida ne. Tun shekarar 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin, don su tare iska. Da itatuwan suka girma, aka riƙa sare kawunansu, suna sake tohowa. Abin da aka samu sanduna ne da itacen wuta. A jihar Maraɗi kuma, tun shekarar 1983 sassaben zamani ya fara yaɗuwa. Manomi yana barin kututture ya toho, ya zaɓi rassa masu ƙarfi, ya rage sauran. Abin da ya rage yana zuwa murhu ko bakin dabba. Duk wannan aiki da gatari da adda da barandami aka yi shi.

Inda sassaƙe ke da amfani

Kada ku ce na kushe injin gaba ɗaya. Sassaƙe yana da amfani ga ƙasa.

Manomanmu sun daɗe da sanin wata dabara. In wuri ya zama faƙo, sai a shimfiɗa masa rassa da kara. Suna tare rairayin da iska ke kawowa. Gara tana zuwa ci, tana huda ƙasa. In ruwa ya sauka sai ya shiga ta ramukan. A ƙasar Kanada, a yankin Kebek, masana sun fara gwada irin wannan a shekarun 1970, da ɗanyun rassan da aka daddatsa, waɗanda kaurinsu bai wuce santimita 7 ba. Sun zaɓi ƙananan rassa don sun fi gungume abincin ƙasa.

In an shimfiɗa sassaƙe a gindin mangwaro ko lemu, ƙasa tana daɗewa da laima, ciyawa tana raguwa. Ana kuma haɗa shi da kashin dabbobi a ramin taki. Amma ga gargaɗi. Kada a binne ɗanyen sassaƙe cikin ƙasa dab da shuka. Ƙananan halittun da ke ruɓar da shi suna fara cinye abincin da shuka ke bukata, sai ganye ya yi rawaya. A bar shi a sama, ko a bari ya ruɓe tukuna.

Tambayar mai sana'a ita ce: wa zai sayi sassaƙen, kuma nawa buhu? Ka je wurin masu lambuna da masu renon itatuwa ka tambaye su. Ka daddatsa buhu biyu da adda ka kai musu gwaji. In sun dawo suna nema da kuɗinsu, ka sami kasuwa. In sun ce a kyauta suke so, ka sami amsa tun ba ka yi hasara ba.

Wani abu kuma. Kada a haɗa wannan inji da injin niƙa kara, wanda ake gani wurin ƙungiyoyin makiyaya da masu kiwon turka. Shi na kara dukan karan gero da dawa yake yi har su yi laushi, dabbobi su ci ba saura. Ba a sa masa kakkauran icce. Ƙungiyar da ke da kuɗin inji ɗaya, ta auna wanne ne zai fi samun kwanakin aiki a garinsu.

In har za a saya

Wanda lissafinsa ya nuna saye, ga abin da zai kiyaye.

Kada ka sayi inji a hoton waya. Ka gan shi da idonka, ka tafi da makaniki.

Ka sa a tada shi a gabanka tun yana da sanyi. Injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa.

Ka duba agogon da ke ƙirga awoyin aikinsa. Ka duba ko akwai tsaga ko sabon walda kusa da faifan.

Ka sa masa reshe na gaske, ka ga yadda yake ci.

Ka nemi takardunsa da lambar jikinsa. A Ingila ana yawan satar irin wannan inji. Araha mai yawa abin tuhuma ce.

Ka sayi wuƙaƙe na biyu tun ranar. Ka san inda za a wasa su, da inda za ka samo kayan gyara.

Haɗarin injin

Jama'a, wannan inji bai san bambancin reshe da hannu ba. Ya cire hannuwa, ya kashe mutane a ƙasashen da ake aiki da shi. Ko naka ne ko na haya, ga dokoki.

1. Ba a aiki da shi da babbar riga, ko rawani, ko mayafi. Reshe mai ƙaya yana kama tufa ya ja mutum.

2. Ba a tura guntun reshe da hannu ko da ƙafa. A tura shi da wani dogon reshe.

3. Gindin reshe ake fara sawa. Ka tsaya a gefe, in ya kama ka saki.

4. A bakin injin akwai ƙarfen tsayarwa. A gwada shi kowace safiya. In ba ya aiki, ba aiki ranar.

5. In ya toshe, a kashe shi, a zare makulli, a jira faifan ya tsaya cik. Faifan yana ci gaba da juyawa bayan an kashe inji.

6. A rufe kunne, a sa tabarau da hular kwano. Ƙararsa tana kurmantar da mutum a hankali.

7. A nisantar da yara. A kau da igiyar hawa daga bakinsa. Kada mutum ya yi aiki shi kaɗai.

Maganar hukuma

Inji ba ya ba mutum izinin sara. A Ingila akwai itatuwan da hukumar gari ta sa wa kariya. A wasu unguwanni sai an ba ta sanarwa mako 6 kafin a taɓa icce. Mu ma muna da dokar gandun daji ta shekarar 2004. Akwai itatuwan da aka kare, gawo yana cikinsu. A shekarar 2020 kuma an fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itatuwan da ya rena a gonarsa. Kafin ka fara sana'a, ka je wurin ma'aikatan gandun daji da ma'aikatar magajin gari, su gaya maka takardar da ake bukata. Reshen da ke kusa da wayar lantarki kuwa, kada ka hau. A kira ma'aikatan wuta.

Yadda muka ƙare da ɗalibina

Da mako ya cika, muka zauna. Na ce: "Ƙanena, bara kwana nawa ka yi aikin icce?" Ya ƙirga unguwa unguwa, ya sami kwana 40. Na ce: "A cikin 40 ɗin, kwana nawa aka bar ka da tulin da ba mai so?" Ya yi shiru, ya ce: "Ba su wuce 6 ba, Malam."

Na miƙa masa alli. Ya rubuta 6 sau 30, ya sami 180. Ya rubuta 900 a gefe. Ya ɗebe 180 daga 900, saura 720. Ya daɗe yana kallon allon.

Sai ya ce: "Amma Malam, kayan aro ba ya rufe katara. In mutane suka gan ni da injina, za su san da gaske nake."

Na ce: "Gaskiyarka, abin mutum abin mutum ne. Amma gonar nan ita ke ciyar da gidanka in aiki ya yanke. In inji ya tsaya, me iyalinka za su ci? Kuma masu gida ba inji suke kallo ba. Suna duba ko reshe ya faɗa musu a kan rufi, ko iccen ya warke bayan aski, ko ka zo ranar da ka ce."

Bai ji daɗi sosai ba, amma ga abin da ya yanke. Gona tana nan. Zai sayar da bijimi ɗaya. Zai sayi igiya mai ƙarfi, da ɗamarar hawa, da hular kwano, da zarto mai kyau, da tsani, da amalanken jaki. Amalanken zai kwashe itacen zuwa wurin masu saye. Ke nan aiki ɗaya, kuɗi biyu: ladan aski da kuɗin itace.

Ya kuma ja layi huɗu a littafinsa. Layi na ɗaya, ranar aiki. Na biyu, abin da aka biya shi. Na uku, abin da ya sayar. Na huɗu, ko an bar tulin da ke bukatar inji. Zai cika shi shekara ɗaya. Na yi masa alkawari, in baɗi littafin ya ce a saya, ni zan raka shi wurin makaniki.

Tambayoyi

Ga tambayoyin da za ku tattauna bayan an rufe rediyo.

1. Me ya sa mai gyaran icce a Ingila yake bukatar wannan inji?

2. A garinku, ina rassa suke zuwa bayan an yi wa icce aski?

3. Wani inji yana cin jika 800 a shekara. Hayarsa jika 20 ce a yini. Kwana nawa na aiki ake bukata kafin saye ya yi daidai da haya?

4. Ku faɗi dokoki uku na kiyaye haɗari.

5. Da kai ne ɗalibin nan, ko da ke ce matarsa, me za a yi da gonar?

Ku rubuta amsoshinku da hannunku, ku ba malaminku ya aiko mana. Za mu karanta wasu a shiri na gaba.

A nan za mu dakata.  Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.